Tafi a Zauren Kiɗan Kilasika: Kurakuran da Aka Fi Yi

A wajenmu, idan makaɗi ya taɓo inda ke maka ƙaiƙayi ba ka jira sai ya gama. Nan take ake rangaɗa guɗa, a tashi a yi masa liƙi, wanda ya zauna shiru kuwa sai a ce wasan bai yi masa ba. A zauren kiɗan kilasika na Turai lamarin a juye yake. Ko a Biyana ta Ostiriya ne, ko a Balin ta Jamus, ko a cibiyar MUSON da ke Onikan a Legas, mutum kan zauna minti arba'in bai haɗa tafukansa ba ko sau ɗaya, alhali kiɗan na ratsa shi. Ɗalibin da ya sami tikiti mai rahusa, ko ma'aikacin da abokan aiki suka gayyata, yakan shiga da fargabar kada ya yi abin kunya. Abin bai kai haka wuya ba, amma akwai wuraren da ake yawan yin tuntuɓe.

Na farko shi ne ɗaukar kowane shiru a matsayin ƙarshen kiɗa. Babban kiɗan da ake kira simfoni yawanci kashi huɗu ne: na farko mai sauri, na biyu mai sanyi, na uku mai salon rawa, na huɗu mai kuzari. Wanda ake kira kwanceto, inda gwani ɗaya a kan piyano ko biyolin (gogen Turawa) yake gaba sauran makaɗa na mara masa baya, galibi kashi uku ne. Tsakanin kashi da kashi ana ɗan dakatawa na 'yan daƙiƙu. Makaɗa su juya shafi, jagoransu mai tsaye a gaba da 'yar sanda ya share gumi, masu tari su saki tarin da suka daɗe suna dannewa. A nan baƙo ke zaton an gama, ya fara tafi shi kaɗai. Al'adar yau ita ce a bari sai dukkan kasoshin sun ƙare.

Maganin yana cikin takardar shirin da ake rabawa ko sayarwa a bakin ƙofa. A ƙarƙashin sunan kowane kiɗa za ka ga layuka da kalmomin Italiyanci irin su Allegro, Adagio, Presto. Ba sai ka san ma'anarsu ba, ƙirga layukan kawai. Layi huɗu, kashi huɗu ke nan. In lissafi ya kuɓuce maka, dubi jagoran makaɗa. Muddin hannunsa na sama, ko 'yar sandarsa na tsaye, ko masu biyolin ba su sauke kayansu daga kafaɗa ba, da sauran aiki. Idan an gama da gaske za ka ga kafaɗunsa sun saki, ya sauke hannu, sannan ya juyo ya fuskanci jama'a. Ba kuma dole ne ka zama na farko ba. Ka bar mutum ɗari su fara, babu wanda zai ce ka makara.

Sai dai ƙirga ba ya fitar da kai ko'ina, domin wasu mawallafan tarko suka ɗana. Mafi shahara shi ne Simfoni na 6 na Tchaikovsky, wanda aka fara kaɗawa a birnin St. Petersburg a 1893, kwana tara kafin rasuwarsa. Kashi na uku maci ne irin na sojoji, yana ta hauhawa, ganguna da kuge da ƙahoni duk su tashi, ya ƙare da wata irin tsawa. Jikinka gaba ɗaya zai ce maka an gama. Ba a gama ba. Kashi na huɗu kuka ne, a hankali yake tafiya har ya dushe. Tafin da ake ɓarkewa da shi bayan macin yakan yanke wannan faɗuwa daga murna zuwa baƙin ciki, shi ya sa wasu jagorori ba sa sauke hannu ko kaɗan, suna faɗawa kashi na huɗu kafin jama'a su motsa. Ni dai ba na ganin laifin mai tafi a wannan wuri, don macin shi ya roƙi tafin da kansa. Amma in ka daure sau ɗaya ka ji yadda shirun ke sa kukan farko ya soke ka, ba za ka ƙara son tafi a wurin ba.

Simfoni na 5 na Sibelius, mutumin Finland, yana ƙarewa ne da bugu shida, kuma tsakanin kowane bugu da na gaba akwai shiru mai faɗi. Wanda ya tafa bayan na farko zai ji na biyu ya sauko masa a ka. Haydn kuwa da gangan ya yi tasa tsokanar a 1781, a wani kiɗa na makaɗa huɗu da ake wa laƙabi da Barkwanci: ya tsaya, ya ci gaba, ya sake tsayawa, don ya ga wa zai fara tafi. A nan in ka faɗa tarkon dariya za a yi, don abin da ya so ke nan.

Kuskuren da ya fi ɓata wa makaɗa rai ba na baƙo ba ne, na wanda ya san kiɗan ne. Shi ne mutumin da ke son zaure duka ya san ya haddace inda aka ƙare, sautin ƙarshe bai gama mutuwa ba ya kurma "bravo!". A kiɗan da ya ƙare da ƙarfi babu damuwa. Amma wanda ya ƙare a sanyaye, kamar Simfoni na 9 na Mahler inda masu biyolin ke ta rage sauti har ka kasa bambance shi da numfashi, shirun da ke biyo baya yana cikin kiɗan. Jagora zai riƙe hannunsa a sama, wani lokaci har fiye da minti guda. Sai ya sauke ake tafi. Wayar hannu ma a nan ta fi yin ɓarna. A watan Janairun 2012 a New York, ana dab da ƙarshen wannan simfoni na Mahler, wata waya ta yi ta ƙara a sahun gaba har jagora Alan Gilbert ya tsayar da makaɗa cak sai da aka kashe ta. Kashe wayarka gaba ɗaya, don agogon farkarwa ba ya kula da cewa ka rufe mata baki.

Akwai kuma masu harara da "shhh", waɗanda ke ɗaukar hana tafi kamar doka ce da aka gada tun kaka da kakanni. Tarihi bai goyi bayansu ba. A 1778 Mozart ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa daga Faris yana murnar cewa jama'a sun ɓarke da tafi ana tsakiyar kaɗa sabon simfoninsa, a daidai wurin da ya tsara don ya burge su. Da aka fara kaɗa Simfoni na 7 na Beethoven a Biyana a 1813, tafi aka yi ta yi bayan kashi na biyu har sai da aka maimaita shi. A wancan zamani, shiru bayan kashi alama ce ta cewa kiɗan bai karɓu ba.

A hankali abin ya sauya. Mendelssohn ya umarci a kaɗa simfoninsa na Sikotilan na 1842 ba tare da hutu tsakanin kasoshi ba, a kwancetonsa na biyolin kuma ya bar mai busa ɗaya riƙe da sauti guda daga ƙarshen kashi na farko zuwa farkon na biyu, don kada tafi ya sami ƙofar shiga. Wagner ya ƙara wa abin nauyi a 1882 a garin Bayreuth da wasansa Parsifal, inda shiru bayan ɓangaren farko ya zama al'ada. Sai a ƙarni na 20, zamanin rediyo da faifai, shirun ya zama ƙa'ida a manyan zaurukan Turai da Amurka. Yau ma ba kowa ya yarda da ita ba. Fitaccen mai piyano Emanuel Ax ya sha faɗin cewa yana maraba da tafi bayan kashin da ya ƙare da armashi. Bayan kashin farko na babban kwanceto, in gwani ya nuna bajinta, sau da yawa ana tafawa kuma shi kan ɗan sunkuyar da kai ya karɓa. Mai hararar maƙwabcinsa a irin wannan wuri ya fi mai tafin ɓata taro, kuma shi ke korar baƙon da ya zo karon farko.

Wasu kuma da zarar sun koyi ƙa'idar sai su ɗaure hannuwansu ko'ina. Ba haka ba ne. Ana tafi idan shugaban masu biyolin ya shigo, a yi shiru yayin da ake saita kayan kiɗa, a sake tafi idan jagora ko gwani ya fito. A wasan opera na Italiya, wato wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa, irin na Verdi ko Puccini, ana tafa wa mawaƙi da zarar ya gama babbar waƙarsa, jagora ma kan dakata don haka. A bikin kiɗan sabuwar shekara na Biyana, ranar 1 ga Janairu, ana rufewa da macin Radetzky, jagora ya juyo yana nuna wa jama'a inda za su tafa a hankali da inda za su ƙara ƙarfi. Amma a daren waƙoƙin mutum ɗaya da piyano, kamar jerin Winterreise na Schubert mai waƙoƙi 24, labari ɗaya ne ake bi, sai an kai ta ƙarshe ake tafi. Idan kuma a coci ake yin kiɗan ibada, duba takardar shirin, don wani lokaci ana rubuta roƙon kada a tafa sam.

In ta faru ka tafa a inda ba a tafi, ka tsaya kawai. Kada ka juya kana ba maƙwabta haƙuri, kada ka yi wa abokinka raɗa kana bayani, don surutun ya fi tafin damun mutane. Jagora zai jira daƙiƙa biyu ko uku, ya ɗaga hannu, a shiga kashi na gaba.