Yadda za ka zaga ƙauyukan Burgundi na Faransa a kan keke

1. Duba birki da iskar taya, ka riƙe famfo da kayan faci.

2. Sayi burodi tun da safe, domin shagunan ƙauye sukan rufe da tsakar rana.

3. Daga garin Mâcon, bi tsohon layin dogo da aka mayar hanyar kekuna zuwa garin Cluny. Za ka ratsa ramin Bois Clair, hanyar da aka haƙa ta ƙarƙashin tudu, kilomita 1.6, mai sanyi ko da zafi ake yi, don haka ka tafi da rigar sanyi. Da hunturu rufe shi ake yi saboda jemagu.

4. Daga Cluny, ci gaba da bin hanyar; bayan ƙauyen Taizé, ratse zuwa ƙauyen Chapaize. Tun daga gonaki za ka hango hasumiyar cocinta ta ƙarni na 11. Jingine keken a waje, ka sassauta murya.

5. Ruwa ya ƙare? Maƙabartar ƙauye galibi tana da famfo. In ka ga an rubuta "eau non potable", kada ka sha.