Alat ba kuɗi ba ne: kurakuran da muke tafkawa tun da ciniki ya koma waya

Wata Alhamis na raka kawuna karar Maigatari da bijimi guda, wanda ya yi wata bakwai yana kiwonsa a turke. Aka yi ciniki, dillali ya haɗa hannaye, aka sallama. Mai sayen, wani matashi fes da shi da agogo a hannu, ya ce shi ba ya yawo da tsaba, a ba shi lambar asusu. Ba a yi minti biyu ba ƙaramar wayar kawu ta yi ƙara. Ya zaro ta daga aljihun 'yar shara, ya ga sunan banki da jerin sifirori, ya sunkuya zai kwance igiya.

Na ce, "Kawu, a ɗan dakata mu duba balas."

Ya harare ni. "Kai ɗan nan, so kake ka kunyata ni a gaban baƙo? Ga alat ya shigo."

Na karɓi wayar na danna lambar bankinsa. Abin da ya kwana a ciki jiya, shi ne dai a ciki. Mai agogo ya ce sabis ne, yanzun nan za su faɗo. Muka ce to madalla, ga inuwa, mu jira tare. Can ya ce bari ya leƙa wajen mai POS ya ciro tsaba kowa ya huta. Har aka kira la'asar ba mu sake ganin ƙeyarsa ba.

Wannan kawun nawa, da damin kuɗi aka miƙa masa, sai ya tsuguna ya lashi yatsa ya ƙirga sau biyu, ya ɗaga 'yan dubu-dubu a rana ko akwai jabu, kuma ba mai cewa ya raina baƙo. Da ciniki ya koma waya sai muka ajiye ƙirgar, muka ɗauko kara da kunya muka sa a gurbinta. Kusan duk asarar da nake gani a rumfar POS ɗin ƙanena, inda nake zama da yamma, daga nan take farowa.

Ba laifinmu ba ne kacokan. Tun 2013 tsarin rage amfani da tsabar kuɗi na Babban Bankin Najeriya ya iso Kano, amma a ƙauye ba wanda ya san ana yi. Canjin kuɗi ne ya koya mana dole. A Oktoban 2022 Godwin Emefiele ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffi aka kwashe, sababbi ba su iso mu ba. Kafin Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin a ranar 3 ga Maris, mai ƙosai da mai itace duk sun buɗe asusu. A cikin yunwa da gaggawa aka koyi turawa da karɓa, tsarewa kuwa ba wanda ya zauna ya koya wa wani.

To, mu fara da alat ɗin. Saƙon tes abu ne da mai wayo zai iya haɗawa ya turo maka da sunan bankinka a sama. Rasit ɗin da ake haska maka a babbar waya, mai koren rubutu, hoto ne kawai, kuma ana ƙirƙirarsa. Sakin kaya a kan ɗayansu cinikin biri a sama ne. Gyaran ba wuya: ka san balas ɗinka kafin ka shiga kasuwa, ka sake dubawa bayan an ce an turo, a wayarka, da hannunka. Mai babbar waya ya buɗe manhajar banki. Mai raka-ni-kashi ya danna lambar bankinsa: *894# ta First Bank, *919# ta UBA, *901# ta Access, *966# ta Zenith, *737# ta GTBank. Cajin dannawar naira 6.98 ne. Wanda ya ƙi kashe naira bakwai don ya tsare kuɗin bijimi guda, ban san me zan ce masa ba.

Wani lokaci kuma mai sayen gaskiyarsa ce, an cire masa, kuɗin ne suka maƙale a hanya. Nan ma kaya ba sa tashi sai kuɗi sun zauna, ko kuma a bar su hannun dillalin da kowa ya yarda da shi. Kuskuren mai turawa a irin wannan hali shi ne ya sake turawa don ya wanke kansa, gobe duka biyun su shiga, a koma roƙon a dawo da ɗaya. Ya adana rasit ɗin. A jikinsa akwai doguwar lamba mai alƙaluma 30, seshon ID, ita ce banki ke bin sawun kuɗin da ita. Ba tare da ita ba, bayani kawai za ka yi ta yi a kanta.

Kafin ka danna tura kuwa, karanta sunan da ya fito da ƙarfi mai kaya ya ji. Lambar asusu alƙaluma 10 ce, guda ɗaya ta kauce sai kuɗinka su tafi wajen wani a Fatakwal, kuma dawo da su kan kai har gaban kotu.

Akwai kuskuren da ba a ganinsa sai kaka ta yi. Manomi ya buɗe asusu a gindin bishiya cikin minti biyar, yana karɓar dubu uku, dubu biyar, lafiya ƙalau. Ran da ya sayar da riɗi ko zoɓo buhu ashirin, sai kuɗin su ƙi shiga, ko su shiga a ƙi bari ya taɓa su. Dalili, asusun matakin farko ne, wanda ƙa'idarsa ba ta wuce naira 50,000 a lokaci guda ba, kuma ba ya riƙe fiye da 300,000. A ɗaga matakin tun amfanin gona yana tsaye, da BVN da NIN. A nan ne kuma ake cin karo da tsohuwar matsalarmu ta suna: Muhammadu a BVN, Mamman a NIN, a ɗaya an sa sunan uba, a ɗaya sunan gari, ranar haihuwa kowa 1 ga Janairu amma shekarar ta bambanta. Gyaran wannan yana cin makonni da kuɗin mota zuwa Gumel ko Hadeja ko Dutse. Ba ranar da motar Dawanau ke jiran lodi ake fara shi ba.

Sai lambar sirri, kuma a nan zan ɗan daɗe. Akwai wata dattijuwa da ke zuwa rumfar ƙanena duk ƙarshen wata in ɗanta ya turo daga Legas. Takan kwance haɓar zane, ta fito da kati a naɗe cikin takardar littafin 'yan makaranta, a jikin takardar an rubuta lambobi huɗu manya-manya da jan biro. Ta miƙa su tare.

"Inna, ke za ki danna da kanki."

"Haba ɗana, ai kai ne. Danna mini kawai, ni idona ba ya gani."

Ƙanena zai danna, don ya santa ta san shi. Amma ran da ta je kasuwar Gujungu, wa za ta miƙa wa? Kuma in ƙullin nan ya faɗi a mota, wanda ya tsinta ya samu ƙofa da mukullinta a haɗe. Abin da muka yi shi ne muka canza mata lambar, muka ɗauko tsohuwar waya mai madannai muka zauna da ita har yatsanta ya haddace wuraren: sama, tsakiya, gefe, gefe. Ba sai mutum ya iya karatu ba. Wadda ta haddace lissafin adashen mutum goma sha biyu a ka ba za ta gaza lamba huɗu ba. A guji 1234, da 0000, da shekarar haihuwa, da ƙarshen lambar waya, don su ɓarawo ke fara gwadawa.

Kafin ka danna, ka ce mai POS ya juyo maka da na'urar ka ga adadin da ya rubuta. Tsakanin 5,000 da 50,000 sifiri ɗaya ne, kuma ba kullum ne da gangan ba. Kada katinka ya ɓace wa idonka, musamman a layin ATM na birni inda mai "bari in taimaka maka, Baba" ke musanya shi da mataccen kati mai launi iri ɗaya. Yi wa naka alama. Lambobi ukun nan na bayan kati kuwa, a liƙe su da ɗan salatif, don da su da lambar gaban katin ake sayayya a intanet.

Idan na'ura ta ce bai yi ba amma aka cire maka, kada ka shaƙe mai POS, kuɗin ba su zo hannunsa ba. Karɓi rasit ɗin da ya nuna bai yi ba, ka ɗauki hotonsa, don rubutun irin takardar nan yana gogewa cikin 'yan kwanaki a aljihu. Tun 2020 Babban Banki ya ce a warware irin wannan cikin awa 72. In ba su dawo ba, bankinka za ka kai wa ƙorafi, ka karɓi lambar shaidar ƙorafin. In aka yi mako biyu shiru, akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a Babban Bankin. Mutanenmu da yawa sukan ce "Allah ya isa" su bar dubu goma ta tafi, alhali bibiya kawai take buƙata.

Masu kiran waya kuwa yanzu Hausarsu ta fi tawa. Za su yi sallama, su kira cikakken sunanka, su ce daga hedikwatar banki ne, za a rufe BVN ɗinka yau, ko sunanka ya fito a tallafin taki. Sai su ce karanto lambar da ta shigo wayarka yanzu. Wannan lambar ta OTP ita ce sa hannunka a kan fitar kuɗin. Babu bankin da ke tambayarta, ko lambar sirri, ko lambar kati, ta waya. Kashe kiran, ba sai ka yi sallama ba. Haka saƙon WhatsApp mai cewa a latsa nan a cike fom a samu dubu hamsin. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da aka fi rainawa shi ne layin waya, alhali shi ne lalitar yanzu. Muna barin waya wajen mai caji tun safe har magariba ba kulle. Muna amfani da layin da aka yi wa rajista da sunan wani. Muna jefar da layin da banki ya sani mu sayi sabo saboda garaɓasa, ba mu san cewa layin da ya daɗe a kashe kamfani na sake sayar da shi ba, alat ɗinka ya koma shiga wayar baƙo. Sa wa layin kansa lambar kulle, ba wayar kaɗai ba. In ka canza layi, ka je banki a canza. In waya ta ɓata kuma, kada ka tsaya cigiya a masallaci tukuna: ari wayar wani ka toshe asusun nan take. Bankuna da dama suna da lambar yin haka, wadda kan ƙare da 911, ka tambayi ta naka tun yau ka rubuta a bango. Walkam bak, wato dawo da layin a sabon sim, ya biyo baya.

Aron asusu ma ya zama ruwan dare. Baƙo ya tare ka a bakin kasuwar Wudil ya ce nasa ya samu matsala, a turo ta naka ka ciro masa, ga dubu biyu ka sha ruwa. In kuɗin sata ne ko na fansa, sunan da zai fito a takardar 'yan sanda naka ne, shi kuwa ko sunansa ba ka sani ba. Kuɗin da suka faɗo asusunka ba ka san mai su ba, ba rabo ba ne, kada ka taɓa. In wani ya kira ya ce nasa ne, tura masa ta wata lambar daban, ka ce a bi ta banki. Su kuma iyaye mata da ke tara kuɗin awaki da na adashe a asusun ɗa ko miji, ba zargin kowa nake ba, amma na ga zumuncin da lissafin "nawa ne nawa a ciki" ya ɓata. Mace mai NIN tana iya buɗe nata. Haka barin ajiya a hannun mai POS: shi ɗan kasuwa ne, ba banki ba. Inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya durƙushe, wadda tun 2024 ta kai naira miliyan 5 a manyan bankuna da miliyan 2 a ƙananan bankunan maikurofainans, ba ta san littafinsa ba.

Caji kuwa, ko da yake da shi ƙanena ke cin abinci, gaskiya ɗaya ce: mutum ya biya ɗari uku ya ciro kuɗi, ya taka taku goma ya miƙa wa mai shagon da ke da asusu, shi ma ya dawo ya biya a saka masa. A ƙa'idar Babban Banki ta 2020, turawa kai tsaye a banki naira 10 ce zuwa 5,000, naira 25 zuwa 50,000, naira 50 abin da ya haura, ban da ɗan haraji, sai kuma naira 50 ta gwamnati in kuɗin sun kai 10,000. Mai shirin sayen dabba da tsaba kuma ya tuna, tun Disamban 2024 aka ƙayyade wa masu POS naira 100,000 ga mutum ɗaya a rana. Duk da haka kada a bar gida ƙaf ba ko sisi. Hadari ya taso sabis ya ɗauke, yaro ya kama zazzaɓi cikin dare, mai babur ba zai jira alat ba.

Bara wani maƙwabcinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mai rufin asiri ne, yana sayen gero yana ajiyewa. Da can in irinsa ya rasu, akan ɗaga katifa ko a buɗe adaka a ga abin da ya bari. Shi kuwa kati biyu aka tarar a aljihun rigarsa, da wata manhaja a waya da ba wanda ya san da ita sai da wani abokin cinikinsa ya ambata. Babban ɗansa ya so ya yi ta gwada lambobi, muka hana shi, don kati na kullewa in an yi kuskure sau uku, kuma dukiyar ta magada ce duka. Wanda aka rubuta a fom a matsayin makusanci ma ba a miƙa masa kuɗi haka kawai, banki sai ya ga takardar shaidar rasuwa da ta kotu. Sun yi watanni suna zirga-zirga kafin aka raba gadon. Washegarin sadakar bakwai kawu ya kira ni da littafi da biro, ya ce in rubuta masa sunan kowane banki da lambar asusun, da wanda yake bi da wanda ke bin sa. Na tambaye shi ko in haɗa da lambar sirri. Ya ce a'a, wannan tana kansa, ya karɓi littafin ya sa a ƙasan adakar da takardun gona suke.