Babi na 6: Karanta Kundin Taurari da Rubuta Abin da Ido Ya Gani

Duk wanda ya buɗe kundin taurari, na takarda ko na cikin waya, layuka zai tarar cike da haruffa da lambobi. Ga layi ɗaya, na tauraron da ya fi kowane tauraro haske da dare:

α CMa | HR 2491 | HD 48915 | RA 06h 45m | Dec −16° 43′ | V −1.46 | A1V

Wannan shi ne Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi, wanda kundaye ke kira Sirius. Layin yana da gurbi bakwai, kowane gurbi tambaya ɗaya yake amsawa. Ku riƙe wannan ƙa'ida tun yanzu: kada a fassara harafi sai an duba gurbin da yake zaune, domin harafi ɗaya yana iya nufin abu uku ko huɗu.

Gurbi uku na farko: wane tauraro ne?

Mutum ɗaya yana da sunan yanka, da laƙabi, da lambar katin ɗan ƙasa, da lambar katin zaɓe, duk shi kaɗai. Haka tauraro yake.

An raba sama gida 88, kowane rukunin taurari da iyakarsa da gajeren suna mai haruffa uku: Ori, Tau, CMa, Per da sauransu. A 1603 wani Bajamushe, Johann Bayer, ya ba taurarin kowane rukuni haruffan Girka: α, β, γ, har ƙarshe. Galibi α ne mafi haske a rukuninsa, amma ba kullum ba. A rukunin Ori, β wato Rigel ya fi α wato Betelgeuse haske a yawancin lokaci. Idan kuka ga lamba kafin sunan rukuni, kamar 58 Ori, wannan tsarin John Flamsteed na Ingila ne, kuma lambar jeri ce daga yamma zuwa gabas, babu ruwanta da haske.

HR lamba ce a kundin taurari masu haske, mai layi 9,110, kusan duk abin da ido zai iya gani ke nan. HD kundin jami'ar Harvard ne da ya fito tsakanin 1918 da 1924 da taurari 225,300, kuma wata mace, Annie Jump Cannon, ita ta yi mafi yawan aikin tantance su. HIP daga tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Hipparcos ne, kundinsa ya fito a 1997 da taurari 118,218. Manhajojin waya suna yawan nuna HIP. A can Shi'ira HIP 32349 ne. Kuskuren da ake yi shi ne a kwafi lamba a bar haruffan da ke gabanta. Lamba 2491 a HR tauraro ɗaya ce, a HD wani ne daban.

M da lamba, kamar M45, ba tauraro ɗaya ba ne. Jerin Charles Messier na Faransa ne, mai abubuwa 110, gungu da gajimaren sama. M45 ita ce Kaza da 'ya'yanta, wadda malaman lissafin taurari ke kira Surayya. NGC ma irin wannan jeri ne, na 1888, mai abubuwa 7,840. Zara kuwa kada ku neme ta a kundi, duniya ce mai zagaya rana, ba ta da mazauni ɗaya.

RA da Dec: ina yake?

Dec yana nuna nisan tauraro arewa ko kudu da layin tsakiyar sama, da digiri. Alamar + arewa ce, alamar − kudu. Jos tana kusan digiri 10 arewa, don haka tauraro mai Dec kusa da +10 yana bi ta tsakar kanmu. Betelgeuse yana +7, a tsakiyar Janairu wajen ƙarfe 10 zuwa 11 na dare sai an ɗaga kai sosai kafin a gan shi.

Ga lissafin da zai gaya muku iya tsayin da tauraro zai kai: ku nemo tazarar da ke tsakanin Dec ɗinsa da +10, ku cire ta daga 90. Shi'ira yana −17, tazara 27 ke nan, zai kai digiri 63 ta kudu. Canopus yana −53, tazara 63, iyakarsa digiri 27. Dunƙulen hannu idan an miƙe hannu sosai kusan digiri 10 ne a sama, da shi za ku auna. Tauraron arewa dunƙule ɗaya kawai yake sama da ƙasa a Jos, shi ya sa dutse ko rufin gida ko hazo ke ɓoye shi.

RA awa ake ƙirga shi, daga 0 zuwa 24, amma ba lokacin agogo ba ne. Wanda ya ga 06h 45m ya fito ƙarfe bakwai saura kwata ya yi kuskure. Amfaninsa shi ne jeri: tauraro mai 5h yana riga mai 6h ƙetare tsakiyar sama da awa ɗaya. A duba saman kundi kuma, ko an rubuta J2000 ko B1950, wato shekarar da aka daidaita RA da Dec a kanta. Tsohon kundi na 1950 yana iya kaucewa da fiye da faɗin wata, kuma wannan ya isa ya sa ƙaramin madubin hangen nesa ya kalli wurin da babu komai.

V: yaya haskensa?

Nan ake yawan tuntuɓe, domin ma'aunin a juye yake. Ƙaramar lamba ita ce haske mai yawa. Tauraro mai 1 ya fi mai 2 haske sau biyu da rabi, kuma tazarar mataki biyar ninki 100 ce daidai, kamar yadda Norman Pogson ya tsara a 1856. Masu tsananin haske sun gangara ƙasa da sifili: Shi'ira −1.46, cikakken wata kusan −12.7. Dabaran, tauraro mai launin ruwan lemo da ke bin bayan Kaza, yana kusan 0.9.

Ido mai lafiya yana kai wa 6 a wuri mai duhu sosai, dare marar wata. A tsakiyar gari, wajen Terminus ko Farin Gada inda fitilu suka yi yawa, ku sa ran 3 ko 4. Madubi mai ido biyu da aka rubuta wa 7x50 yana kai wa kusan 9 a duhu. Kafin ku fita, ku soke duk abin da ya wuce ƙarfin kayan aikinku.

Wasu kundaye suna da gurbi na biyu mai Mv ko Abs. Wannan haske ne na lissafi, yadda tauraro zai kasance da an jera duka a nisa ɗaya. Ba shi ido ke gani ba. Na Shi'ira +1.4 ne, ya yi kama da −1.46 har mutum ya ɗauka kuskuren bugu ne. Haka kuma lambar gajimaren sama tana yaudara. M31 tana da 3.4, amma haskenta a baje yake, ta fi tauraro mai 3.4 wuyar gani nesa ba kusa ba.

Gurbin ƙarshe: wane iri ne?

A1V kashi uku ne. Harafin farko zafi da launi yake nunawa, a wannan jeri daga mafi zafi: O, B, A, F, G, K, M. O da B shuɗi-shuɗi ne, zafin fuskarsu ya haura digiri 10,000 a ma'aunin Kelbin, na O ma ya haura 30,000. A fari ne, F da G suna karkata zuwa rawaya, K ruwan lemo, M ja ne, ƙasa da kusan 3,700. Lambar da ke biye, 0 zuwa 9, tana rarraba harafin, 0 ya fi 9 zafi. Na ukun lambar Rum ce, ba harafi ba: I mafiya girma, III manya, V wato biyar taurari na yau da kullum. Ranarmu G2V ce, zafin fuskarta kusan 5,800. Rigel B8Ia ne, Dabaran K5III. Ku dube su a dare ɗaya, bambancin launin a fili yake.

Ƙananan haruffa a ƙarshe ƙarin bayani ne: p na nufin haskensa yana da wata baƙuwar siffa, ɗigo biyu (:) kuma masu kundin ba su tabbatar ba.

Yanzu ku duba M. A gurbin suna M2 gungun taurari ne a jerin Messier. A gurbin iri M2 jan tauraro ne. A gurbin nau'in sauyin haske M na nufin tauraro mai sauya haske irin Mira. V ma haka: haske, ko lamba biyar, ko farkon suna kamar V335.

Taurari masu sauya haske

Sunan da ya fara da R zuwa Z, ko haruffa biyu kamar RR, alama ce ta tauraro mai sauya haske. Irin waɗannan sunaye 334 ne a kowane rukuni, idan sun ƙare sai a ci gaba daga V335. Kundi yana ba da haske biyu da tsawon zagaye. Algol, wato β Per, nau'in EA ne, abokinsa ne ke gittawa ya tare shi. Yana sauka daga 2.1 zuwa 3.4 duk bayan kwana 2 da awa 20 da minti 49, kuma saukar da hawan suna cin kusan awa 10. Mira, nau'in M, tana ɗaukar kusan kwana 332, tana bayyana wa ido sannan ta ɓace.

Algol ya fi dacewa da mai koyo a Jos. Ido kaɗai ya isa, kuma a Nuwamba da Disamba yana hawa har kusan digiri 59 ta arewa.

Yadda ake rubutawa

Ƙungiyar AAVSO ta Amurka, wadda aka kafa a 1911, tana karɓar rahoton masu kallo daga ko'ina, kuma tsarinta ya cancanci a bi ko da littafin na gida ne kawai. A taswirarta ba a sa ɗigo a lambar haske, don kada a ɗauki ɗigon tauraro ne. Don haka 29 na nufin 2.9.

Ku zauna a duhu minti 20 kafin ku fara. Ku rufe bakin tocila da jar leda, hasken fuskar waya kuma yana rushe sabon da ido ya yi. Ku zaɓi taurarin kwatanci biyu, ɗaya ya fi wanda ake aunawa haske, ɗaya bai kai shi ba. Ga Algol akwai γ And mai 2.1, ε Per mai 2.9, da κ Per mai 3.8. Idan ya faɗi kusan tsakiyar na biyu da na uku, sai a rubuta 3.3. Jan tauraro kuwa ba a ƙura masa ido, yana ƙara haske a idon mai ƙurawa. A kalla a kau da kai.

Lokaci da UT ake rubuta shi, wato agogon Nijeriya a cire awa ɗaya. Ku kula da tsakar dare: 12:30 na daren da ya shiga 5 ga Disamba shi ne 23:30 UT na 4 ga Disamba. Idan an nemi tauraro ba a gan shi ba, wannan ma rahoto ne. A sa alamar < da lambar mafi dusashewar tauraron kwatanci da aka iya gani.

Daga ƙarshe sai harafin yanayi. B sama da haske, na wata ko fitilun gari. U gajimare, ƙura, hayaƙi ko hazo. L tauraro ya yi ƙasa, ko itace ko gini ya tare. Z ba a tabbatar da awon ba. I ba a tabbatar shi ne tauraron ba. A Jos U ce za ta fi yawa daga Disamba zuwa Fabrairu, saboda hazon hunturu da ƙonan daji. Hazo ya fi cin taurarin da ke ƙasa-ƙasa, don haka a kwatanta waɗanda tsayinsu ya yi kusan ɗaya, kuma a guji awo ƙasa da dunƙule uku. Ƙarshen Oktoba da Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa, sama takan fi tsabta. A tafi da rigar sanyi, a tafi cikin jama'a, a sanar da mai unguwa idan za a fita bayan gari. Ga yadda layin zai kasance:

4 Disamba | 21:40 UT | β Per | 3.3 | 29, 38 | U

Aikin yi

Ga layin Rigel: β Ori | HR 1713 | Dec −08° 12′ | V 0.13 | B8Ia. Ku faɗi launinsa, ku lissafa iya tsayin da zai kai a Jos, ku faɗi ko ya fi Dabaran haske. Sannan ku auna Algol dare biyar a jere a lokaci ɗaya, ku kawo littafinku aji a kwatanta da na abokan karatu.