Neman asalin sunan Zaite: kurakuran da masu binciken sunan gida suka fi yi

Wani ɗalibi ɗan cikin birnin Kano ya turo mini saƙo kwanakin baya yana ta murna, wai ya gano asalin gidansu. Kakarsa ta taɓa ce masa su Zaitawa ne. Shi kuma ya buɗe ƙamusun Larabci, ya ga "zait" na nufin mai, zaitun kuwa kowa ya san shi. Nan take ya yanke hukunci cewa kakanninsa fataken man zaitun ne daga Sham, har ya shirya rubutun da zai ɗora a Facebook. Na ce masa ya dakata tukuna, kada ya riga malam masallaci. Abin da ya yi, kusan duk mai neman asalin wani baƙon suna ya taɓa yin irinsa, kuma sunan Zaite misali ne mai kyau, domin kowane rami da ake faɗawa a wannan harka yana kan hanyarsa.

Kuskuren farko yana faruwa tun kafin a fara binciken. Mutum ya ɗauka cewa sunan da ke ƙarshen sunansa a katin ɗan ƙasa ko fasfo suna ne na zuriya da ake gada kaka da kakanni, kamar yadda Turawa suke yi. A ƙasar Hausa ba haka abin yake ba. Rajistar makarantar boko da fom ɗin gwamnati ne suka tilasta mana cike wannan gurbi, kowa ya sa abin da ya samu: sunan uba, sunan gari, laƙabi, ko sarauta. Shehu Shagari sunan garinsu ya ɗauka, mahaifinsa Aliyu ne. Haka Abubakar Tafawa Ɓalewa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, sunan mahaifinsa Abdullahi; Tata ita ce matar da ta rene shi, sunan da ya zama na gida guda mai faɗi bai wuce shekara ɗari da hamsin ba. Buhari kuwa, a wajen tsohon shugaban ƙasa, sunan da aka raɗa masa ne don neman albarkar mai littafin hadisi, mahaifinsa Adamu. Wanda ya tafi birnin Bukhara na Uzbekistan neman dangin mutanen Daura ya yi asarar kuɗin jirgi. Saboda haka tambayar farko ba "daga ina sunan ya fito" ba ce. Tambayar ita ce wa ya fara amsa shi a gidanku, kuma me ya sa.

Zaite ya sha bamban da waɗannan, don ya zo ne daga mutanen da suke da sunan zuriya na gaske. Mutanen Mali da maƙwabtansu, Mandinka da Soninke da Bambara, suna da abin da suke kira jamu, sunan da ɗa ke gada daga uba har illa masha Allahu, da shi ake gaishe ka, da shi maroƙi ke wasa ka. Tarihin sarakunan Kano ya ce Wangarawa, wato malamai da fatake daga cikin waɗannan mutane, sun zo daga Mali da Musulunci, mutum kamar 40, shugabansu Abdurrahman Zaite. Ya ambaci wasu daga cikinsu: Mandawari, Famori, Dukere, Sheshe, Kebe, Gurdumus, Lawal, Auta. Ya ce Mandawari ne limamin Wangarawa, Zaite kuma alƙali. To amma da jamu ya shigo ƙasar da ba ta san jamu ba, sai Hausa ta yi masa abin da ta saba: ta liƙa masa "-awa", ta mai da shi sunan jama'a da sunan unguwa. Shi ya sa in ka duba rajistar masu zaɓe da wuya ka ga wani mai amsa Zaite a ƙarshen sunansa, amma Zaitawa tana nan, mazaɓa ce guda a ƙaramar hukumar Birni, haka Sheshe, Mandawari kuma tana Gwale. Wanda ya tsaya neman sunan a jikin mutane kaɗai zai ce ya ɓace, alhali yana rubuce a allon makarantar firamare da bakin 'yan adaidaita.

Sai kuskuren ɗalibin nan, wato bin kamannin sauti. Kama da wane ba wane ba ne. Maganinsa shi ne ka nemi yadda aka rubuta sunan a takarda mafi tsufa da za ka iya samu. Akwai wani ɗan littafi na Larabci da aka rubuta a Kano a shekarar 1061 ta Hijira kan asalin Wangarawa, wanda Muhammad al-Hajj ya fitar da shi tare da fassara a 1968. A cikinsa sunan Zagaiti ne, da harafin gain a tsakiya. Kalmar mai ta Larabci ba ta da gain. Wannan harafi ɗaya ya isa ya rushe labarin zaitun. Masana tarihi suna danganta Zagaiti da jamun Jakite, domin marubutan Larabci na da sukan sa zayun a inda mutanen yankin ke furta "j". Ibn Baɗuɗa, da ya ziyarci Mali a 1352 zuwa 1353, ya ambaci wani gari Zaga, ya ce mutanensa sun daɗe a Musulunci. Garin nan shi ne Ja, wanda ake kuma kira Jaka, na ƙasar Masina a Mali ta yau, inda malaman ƙabilar Jakanke ke jingina asalinsu. Ka ga Zaga da Jaka, Zagaiti da Jakite, hanya ɗaya suka bi. Wannan ita ce hujjar sauti da ake yarda da ita: canjin da ke maimaituwa a kalmomi fiye da ɗaya, ba kama ta sau ɗaya ba.

Daga nan ne ake faɗawa rami na gaba, wato neman suna da rubutu iri guda. Ka buga Zaite a intanet, abin da za ka samu bai taka kara ya karya ba. Mulkin mallaka ya raba sunan gida-gida. Inda Faransa ta yi mulki, sautin "j" da "di" ake rubuta shi, don haka a Mali da Gini da Kodebuwa Diakité za ka gani, a Senegal kuma sau da yawa Diakhité. A Gambiya, inda Ingila ta yi mulki, Jaiteh ne, kuma abin sha'awa, can ma harafin tsakiyar ya zube kamar yadda ya zube a bakin Kanawa. Haka Dukere na tarihin Kano yake da ɗan'uwa Doukouré, Kebe kuma Kébé, wasu na ganin Sheshe ma Cissé ne. Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki takarda ka jera duk yadda Balarabe da Bafaranshe da Bature da mai rubutun ajami za su iya rubuta sunan, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Amma fa a nan ne murna ke kai mutum ta baro shi. Da ya ga dubban masu amsa Diakité, sai ya ce duk danginsa ne, ya fara tura wa baƙi saƙon "ɗan'uwa". Suna ɗaya ba jini ɗaya ba ne. A yankin Wasulu, inda kudancin Mali ya haɗu da Gini da Kodebuwa, Diakité ɗaya ne daga manyan sunaye huɗu na Fulanin wurin, tare da Diallo da Sidibé da Sangaré. Waɗannan Fulani ne da suka koma yin yaren Mande, wato irin na Mandinka da Bambara, tarihinsu daban da na malaman Jakanke. Ban da haka, a ƙasashen nan mutum kan ɗauki jamun ubangidansa ko na mai masaukinsa, har akwai musayar suna tsakanin ƙabilu: Traoré na Mali in ya zauna cikin Wolof a Senegal ana iya kiransa Diop, Diarra kuma Ndiaye. A Kano ma zama a Zaitawa bai mai da kowa jikan Abdurrahman ba. Unguwa tana karɓar almajiri da baƙo da ɗan haya, bayan shekara ɗari kowa ɗan unguwa ne. Wannan ba abin kunya ba ne, amma mai bincike dole ya raba "mu 'yan Zaitawa ne" da "mu zuriyar Zaite ne".

Taswirorin da wasu shafukan intanet ke nunawa na yaɗuwar sunaye ba sai an daɗe a kansu ba. Inda masu sunan suke a yau suke nunawa, kuma inda aka fi rubuta sunayen mutane a rajista. Yawan Diakité a Faris labarin ci-rani ne na ƙarni na 20, ba labarin asali ba.

Batun shekara ya fi wuya, kuma a nan ne na fi ganin manya ma suna tuntuɓe. Tarihin sarakunan Kano ya sa zuwan Zaite a zamanin Sarki Yaji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1349 zuwa 1385. Littafin asalin Wangarawa kuma ya sa shi a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, har ya haɗa shi da Shehu Magili a Kano, ya ce ayarin ya fito da niyyar aikin Hajji, ya ratso ta Gobir da Katsina, wasu suka tsaya a can. Tsakanin Yaji da Rumfa akwai kusan shekara ɗari. Abin da mutane ke yi shi ne su zaɓi wadda ta fi tsufa, don ta fi daɗin faɗa, su yi shiru da ɗayar. Ni a ganina littafin Wangarawan ya fi nauyi a kan Zaite shi kansa, saboda an rubuta shi tun ƙarni na 17, a kan zuriyar kai tsaye, alhali tarihin sarakunan a ƙarshen ƙarni na 19 aka tattara shi yadda muke da shi a yau. Yana yiwuwa kuma Wangarawa sun yi ta zuwa ayari-ayari, sai baki ya dunƙule su a kan sunan wanda ya fi shahara. Ko wanne ka karkata gare shi, ka kawo duka biyun, ka faɗi dalilinka. Kuma ka iya juya shekarar Hijira: ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Shekarar 1061 za ta ba ka 1651, ba 1061 ta Miladiyya ba, kamar yadda na taɓa gani wani ya kwafa, ya mai da littafin ya girmi Yaji da kusan shekara 300.

Irin wannan lissafin ne zai cece ka a wajen salsala. Daga zamanin Rumfa zuwa yau an haura shekara 500. In ka ba kowane uba shekara 30, kana buƙatar sunaye 17 ko 18 kafin ka isa can. Takardar da aka ciro daga adaka mai sunaye takwas, na tara kuma Zaite, ba lallai ƙarya ba ce, amma akwai giɓi, domin baki yakan riƙe na kusa da na farko ya zubar da na tsakiya. Ka rubuta "akwai giɓi a nan", kada ka cike shi da Muhammadu da Abdullahi na ƙirƙira. Sannan ka lura da yadda kowane gida ke son a ja asalinsa gabas, Makka ko Yaman ko Bagadaza. Ɗalibina Sham ya so. Mutanensa, in har nasa ne, daga yamma suka fito, ta hanyar da har yau ake kiran 'yan kasuwar Jula da sunan Wangara a zangunan Ghana.

Kuskuren da ni kaina na yi, a wajen tambayar dattawa ne. Na shiga zauren wani tsohon malami a cikin gari, bayan gaisuwa ban ko bari shayi ya huce ba na ce, "Allah gafarta Malam, ashe ku daga Mali kuka zo ko?" Ya dube ni ya ce, "Haka ne, ɗana, haka ake faɗa." Na fito ina jin na samu hujja, alhali maganata ce ya maido mini don kara. Da na koma bayan mako biyu da ɗan goro, na ce kawai ya ba ni labarin mahaifinsa da kakansa, bai ambaci Mali ko sau ɗaya ba. Ya yi ta lissafa wa ya karanta Risala a wajen wa, wane gida ne ba sa auratayya da su, ina aka binne wane. A ƙarshe ya ce, "Ka shiga ciki wajen Gwaggo, ita ta riƙe kirarin." Tsohuwar tana zaune kan tabarma tana tsince shinkafa a faifai, ta rero mini baiti huɗu ba ta ɗago kai ba, akwai kalmomi biyu a ciki da ita ma ta ce ba ta san ma'anarsu ba, haka ta ji a bakin kakarta. Masu bincike da yawa a zaure suke tsayawa, ba sa neman izinin shiga cikin gida.

In gidan na malamai ne, ka roƙi a nuna maka tsofaffin littattafan hannu, ka duba shafin ƙarshe. A nan mai kwafe littafi yakan rubuta sunansa da na mahaifinsa da nasabarsa, wani lokaci har da ranar da ya gama. Kalma ɗaya kamar "al-Wangari" a wannan shafi ta fi labarin dare goma. Daga nan sai ka wuce Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko Arewa House da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, ka gwada abin da ka ji da abin da aka rubuta.

Ɗalibin nan dai ya goge rubutun zaitun. Ya zuwa yanzu ya kai suna na shida a salsalarsu, wani mai rini da ya rayu kafin zuwan Turawa Kano a 1903, kuma ya ce kakarsa ta yi masa alkawarin kai shi wajen wata yayarta a Gwale bayan Sallah.