Yadda Ake Zaɓa Tsakanin PROCEDURE da FUNCTION a Rumbun Bayanai

Yaran da ke zuwa koyon aiki wurinmu, da zarar sun iya CREATE FUNCTION, wato umarnin ƙirƙirar FUNCTION a rumbun bayanai, komai sai su cusa a ciki. Bari mu yi misali da manhajar shagon atamfa a Kantin Kwari, a kan manhajar rumbun bayanai ta MySQL tunda kyauta ce.

Da farko ka tambayi kanka: amsa nake nema ko aiki nake so a yi? In amsa ce, kamar harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin turmi biyar, FUNCTION za ka rubuta. Ka ba ta adadi, ta dawo maka da adadi ɗaya ta RETURN, kuma tana shiga cikin SELECT, wato umarnin ɗauko bayanai daga tebur. A wurina FUNCTION ba ta taɓa tebur, lissafi kawai. SQL Server, rumbun bayanai na Microsoft, ma hana ta yake yi. MySQL zai ƙyale ka, amma in ka sa ta rage kaya a tebur, aka kira ta a SELECT mai layi 300, sau 300 za ta rage kaya.

Ciniki kuwa aiki ne, don haka PROCEDURE, da CALL ake kiranta. Nan ne ake faɗuwa. Alhaji ya ba abokin ciniki shadda bashi: sai an rage kaya a sito, an rubuta cinikin, an ƙara masa bashinsa. Yaro ya jera ukun nan haka kawai, aka ɗauke wuta bayan na biyu, kaya sun fita, bashi bai shiga ba. Ranar lissafi yaron shago ne zai sha zargi alhali bai ci komai ba.

To ka buɗe da START TRANSACTION, ka rufe da COMMIT mai tabbatar da duk abin da aka rubuta, ka sa DECLARE EXIT HANDLER FOR SQLEXCEPTION a sama domin ya yi ROLLBACK, wato ya mayar da komai yadda yake, in wani abu ya lalace. Ko duka su shiga, ko kada ko ɗaya ya shiga. Wajen duba ragowar kaya ka ƙara FOR UPDATE a SELECT ɗin domin ya kulle layin, kada yara biyu su sayar da turmin ƙarshe lokaci ɗaya. Ka tabbata teburanka nau'in InnoDB ne, domin nau'in MyISAM bai san ROLLBACK ba. Cikin FUNCTION kuwa MySQL ba zai karɓi COMMIT ba sam.

Masu amfani da rumbun bayanai na PostgreSQL, sai a siga ta 11 a 2018 kuka samu CREATE PROCEDURE, ku duba wacce ke hannunku.

Sauran ba wuya. Canza DELIMITER, wato alamar ƙarshen umarni, kafin ka rubuta PROCEDURE ɗin, ba wa yaran shago izinin EXECUTE kawai, wato na kiran PROCEDURE ɗin, sannan ka gwada da kayan da suka ƙare ka ga ko ROLLBACK ya yi aiki.