Yadda Ake Gane Ƙarfen Sitenles, a Yi Masa Walda, a Kuma Gwada Shi

A garin Katsina yanzu da wuya ka shiga shagon walda ka rasa aikin farin ƙarfen nan da ake kira sitenles. Da shi ake yin tankin masu ruwan leda, da tukunyar dafa madarar yogot, da teburin mahauta, da madafar matakalar bene. Abin da ke damuna shi ne, masu saye da ma masu aikin da yawa suna ɗaukarsa abu guda, alhali kuwa dangi ne babba, kuma kowane ɗa a cikinsa da halinsa.

Bara bayan damina aka kira ni in duba tankin wani mai yogot wanda bai cika shekara ba. Jan layin tsatsa ya bi sawun walda tun daga baki har gindi, a ƙasan kuma akwai ƙananan ramuka kamar an tsira allura. Mai waldan ya ce mini, "Wallahi Malam, sitenles na sayo, maganaɗisu ma bai kama shi ba." Gaskiya ya faɗa. Sai dai farantin nau'in 201 ne, wato sitenles mai araha, an goge waldar da buroshin da ake goge baƙin ƙarfe, masu tankin kuma suna kwana da ruwan bilic a ciki.

Sirrin wannan ƙarfe yana ga sinadarin kuromiyam. Idan ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, sai ya haɗu da iskar oksijin ya yi wata fata a saman ƙarfen, siririya ƙwarai wadda ido ba ya gani, ita ce ke tare tsatsa, idan aka karce ta kuma takan sake tohowa da kanta muddin wurin yana da tsabta kuma iska na samunsa. Harry Brearley ne ya yi fice da gano haka a birnin Shefil na Ingila a 1913, lokacin da yake neman ƙarfen bakin bindiga da ba zai riƙa cinyewa da sauri ba. Duk aikin da za a yi wa sitenles, daga yanka har wanki, ana yinsa ne da lura da wannan fata, wadda gishiri da sinadarin kulorin, irin wanda ke cikin bilic, su ne manyan abokan gabarta.

Kafin ka je kasuwa, ko a nan gida ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ka fara sanin abin da zai zauna cikin kayan. Nau'in 304, mai kuromiyam kusan kashi 18 da nikel kashi 8, shi ne na aikin abinci da ruwan sha na yau da kullum. Idan akwai gishiri da yawa, ko ruwa mai zartsi, ko sinadarai, to 316 ya kamata, domin an ƙara masa molibdinam kashi 2 zuwa 3, wanda ke rage ramukan nan masu kama da hujin allura. Shi 201 an rage masa nikel an maye gurbinsa da manganis don ya yi araha; ya isa ga ado a cikin ɗaki, amma ban yarda a zuba masa madara ko ruwan tumatir ba. Nau'in 430 ba shi da nikel, ya dace da murfi da bangon na'ura a wuri busasshe, 420 kuwa na wuƙa ne, domin yana karɓar tauri idan aka gasa shi aka tsoma. Manyan masana'antu kan nemi 2205, wanda ƙarfinsa ya kusa ninka na 304 kuma ya fi jure ruwan gishiri mai zafi.

Gwajin maganaɗisu shi ne wanda kowa ya sani, shi ne kuma ya fi jefa mutane cikin asara. Maganaɗisu yana kama 430 da 420 da 2205, dukansu kuwa sitenles ne na gaskiya. Ba ya kama 304 da 316, amma 201 ma ba ya kama shi, saboda haka ba zai raba maka mai tsada da mai araha ba. Har ila yau, idan aka lanƙwasa 304 ko aka buga shi, za ka ji maganaɗisu ya ɗan manne a kusurwar da aka lanƙwasa, wannan kuma ba alamar algus ba ce. Iyakar abin da gwajin zai gaya maka shi ne ɓangaren dangin da ƙarfen ya fito.

Abin da ya fi shi shi ne ruwan gwaji da ake sayarwa a ƙananan kwalabe. Ka kankare ɗan wuri da sabuwar takardar yashi, ka goge maiƙo, ka ɗiga ɗigo ɗaya, ka jira lokacin da aka rubuta, sannan ka gwada launin da hoton da ya zo da kwalbar. Akwai mai raba 201 da 304, akwai kuma na daban mai nuna molibdinam don tabbatar da 316. Ni nakan ajiye ɗan guntun 304 da na tabbatar da shi a aljihu, in ɗiga a kansa da kan sabon faranti lokaci guda, domin ido ya fi gane bambanci idan abu biyu suna gefe da gefe. Ga babban aiki kuwa, a nemi na'urar XRF, wadda ake riƙewa a hannu kamar ƙaramar bindiga, ta karanta kason kowane sinadari cikin daƙiƙoƙi. Ita ma tana da iyaka, don ba ta ganin kabon, wato sinadarin gawayi da ke cikin ƙarfe, saboda haka ba za ta raba 304 da 304L, wanda aka rage wa kabon, ba. Nan ne takardar shaidar masana'anta take da amfani, musamman mai lamba 3.1 a tsarin EN 10204. Ka duba lambar narki da ke jikin takardar, wato lambar rukunin ƙarfen da aka narka tare, ka tabbatar ita ce aka buga a jikin farantin. Idan suka saɓa, takardar ta wani ƙarfe ce.

A shago, sitenles yana buƙatar kayan aikinsa shi kaɗai: faifan yanka nasa, buroshin waya na sitenles, tebur mai shimfiɗar katako ko kwali. Tartsatsin giranda daga baƙin ƙarfe idan ya sauka a kansa yakan nutse, raɓar dare ko ruwan farko na damina su mai da shi ɗigon tsatsa. Kada a cire ledar da ke jikin faranti sai aiki ya zo ƙarshe.

Wajen walda ne aka fi ɓata shi. Nau'in 304 ba ya watsa zafi da sauri, abin da yake watsawa kusan sulusin na baƙin ƙarfe ne, ga shi kuma yana buɗewa da zafi fiye da shi da kusan rabi, shi ya sa faranti ke murɗewa a hannun mai gaggawa. A rage wuta, a yawaita ɗigon kamu, a yi gajeren layi a tsallaka wani wuri, a bar ƙarfen ya huce. Akwai kuma wani lahani da ba a gani: idan ƙarfen ya daɗe tsakanin digiri 450 da 850 na ma'aunin Salshiyas, kabon yakan janye kuromiyam ya ƙulle shi, sai gefen waldar ya rasa garkuwarsa. Maganin wannan shi ne nau'i mai harafin L, wanda kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.03 ba. Masana'antu kan gyara wanda ya lalace ta hanyar gasa shi sama da digiri 1,000 su sanyaya da sauri, abin da ba zai yiwu a tankin da aka gama haɗawa a shago ba. Sandar walda ita ma a zaɓa: 308L ga 304, 316L ga 316, 309L idan za a haɗa sitenles da baƙin ƙarfe, kamar ƙafafun tanki. A bututun madara ko ruwa, a cika cikinsa da iskar agon yayin walda, in ba haka ba bayan waldar zai ƙone ya yi kaushi, ƙwayoyin cuta su sami maɓoya. Hayaƙin wannan walda yana ɗauke da kuromiyam mai cutar da huhu, don haka a yi ta inda iska ke wucewa, da takunkumi na ƙwarai, a kuma hana yaran shago tsayawa a kanta.

Launin shuɗi da ruwan ƙasa da ke gefen walda wasu na ɗaukarsa ado, alhali wuri ne da fatar ta yi rauni, kuma dole a cire shi. Ana iya gogewa da sabon faifai mai laushi, ko a shafa man asid na wankin walda. Wannan man yana ɗauke da asid mai ratsa fata har ƙashi, ba a taɓa shi sai da safar roba mai kauri da tabarau da ruwa a kusa. Bayan haka a wanke da asid ɗin sitirik, dangin tsamin lemo, wanda ke kwashe ɓurɓushin baƙin ƙarfe, a ɗauraye sosai, a bar shi ya sha iska kwana ɗaya ko biyu.

Kafin a miƙa aiki, a jiƙa farin ƙyalle da ruwa mai tsabta a shimfiɗa a kan waldar, a riƙa jiƙawa na wasu sa'o'i, sannan a bari ya bushe; duk inda ja ya fito, a sake wankewa. Don gano tsaga, akwai wani ruwan feshi na daban, ja da fari: a fesa jan, a jira kamar minti 10, a goge, a fesa farin, tsagar za ta fito ja a kan fari. Daga nan a cika tankin da ruwa a duba yoyo, a zubar a ranar, a busar. Shi kuma mai kayan a gaya masa baki da baki cewa sabulu da soso mai laushi sun isa wanki, kada a sa soson ƙarfe, idan kuma dole a yi amfani da bilic, a sirka shi, a ɗauraye nan take, kada ya kwana a ciki.