Yadda zaka tsare kanka daga allurar sitiroyid a jim, da abin yi in ka riga ka fara

Salam 'yan uwa masu ɗaga ƙarfe. Wannan rubutun naku ne, musamman ƙannenmu da basu daɗe da fara zuwa jim ba, waɗanda suka yi wata uku wata huɗu suna fama amma damtse yaƙi tashi, ga kuma wanda kuka fara tare ya cika ya batse cikin sati takwas. Toh a daidai wannan lokacin ne ake kama mutum. Bayan an tashi tirenin wani zai ja ka gefe yace ai akwai ɗan taimako, kowa da kake gani yana yi, zagaye ɗaya kawai zakayi ka daina, sai ya buɗe jaka ya nuna maka 'yar kwalba mai ruwan mai-mai a ciki ko sacet ɗin ƙwayoyi. Abin da zaka faɗa a wannan mintin shine komai, shiyasa nake so ka shirya tun kafin ranar tazo.

Farko dai ka san sunayen, dan ba wanda zai ce maka ga sitiroyid. Zai ce maka bitamin ne, ko busta, ko maganin ƙarfin tsoka. Kai dai karɓi kwalin ka karanta da kanka. In kaga Dianabol, Deca-Durabolin, Sustanon, Winstrol, Anadrol ko Trenbolone, ko kuma ƙananan rubutu irin su nandrolone, stanozolol, oxymetholone, boldenone, duk dangi ɗaya ne, kwaikwayon testosteron ne wato sinadarin namiji da 'ya'yan maraina suke yi. Tun 1935 aka iya haɗa testosteron a lab, Dianabol kuma kamfanin Ciba ne ya fito da shi a Amurka a 1958 kuma 'yan ɗaga ƙarfe ne suka fara rububinsa. Wasu daga ciki likitoci na bayarwa ga marasa lafiya da lissafi da gwajin jini, amma abin da ake durawa a jim yakan ninka na asibiti sau da yawa kuma ba mai duba ka. Trenbolone ma na shanu ne, a kunne ake dasa musu dan suyi nama kafin yanka, boldenone kuma na dawakai.

Sannan kada ka haɗa wannan da sha ka fashe, wato su dexa da ake siya a kemis dan ƙiba. Dexamethasone shima sitiroyid ake ce masa amma wani gida ne daban, baya gina tsoka ko kaɗan, cinye ta ma yake, ruwa da kitse yake tara maka a fuska da ciki, ya jawo suga da hawan jini da nankarwa da raunin ƙashi. Na sha ganin samari ramammu suna sha wai dan su cika riga. Wallahi kumburi ne kawai.

Yanzu abin da mai tallan bazai gaya maka ba. Gaskiya ɗaya yake faɗa, abin yana aiki, tsoka tana fitowa, ba sai mun yi wa juna ƙarya ba. Amma da zarar ƙwaƙwalwa taga testosteron yayi yawa a jini sai ta daina aika saƙon da yake sa maraina suyi aiki, kamar gidan da kullum ake aiko musu da abinci daga waje har suka daina hura wuta, ranar da aike ya tsaya sai a tarar murhu yayi sanyi. 'Ya'yan maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa a maniyyi su ragu wani ma su ɗauke gaba ɗaya, kuma ranar da ka ajiye allura naka baya dawowa nan take, wata da watanni ne, wani ya wuce shekara, wani baya komawa yadda yake. A wannan tsakanin ga kasala, ga rashin sha'awa, gaba taƙi tashi, ga baƙin ciki mara dalili, ga jikin da kayi taƙama da shi yana zubewa a gaban madubi, toh wannan ne yake maida mutum ga kwalba, shiyasa zancen zagaye ɗaya kawai yake zama uku ya zama shekara biyar. Kai da kake shirin aure ko kana da amarya a ɗaki, dan Allah karanta nan sau biyu. Mun san yadda abin yake a wajenmu, in shekara biyu ta wuce ba ciki matar ake kallo, ita za a yi ta kaiwa asibiti da wajen masu magani, alhali abin yana cikin jakar jim ɗin maigida. Wannan zalunci ne kuma yana min ciwo sosai.

Wani ɓangare na testosteron ɗin kuma jiki yana juya shi ya koma sinadarin mata, daga nan ne nono yake fitowa. Yakan fara da ƙaiƙayi ko zafi a kan nonon, in ka taɓa ƙarƙashinsa kaji wani ɗan ƙullutu mai tauri, in ya daɗe ya zauna ba tirenin ɗin da zai cire shi sai tiyata. Ga ƙuraje manya masu mugunya a baya da kafaɗa, irin wanda mutum baya iya jingina da kujera, ga sanƙo da wuri ga mai gadonsa. Yaron da bai gama tsayi ba kuma, ɗan 15 ɗan 16, yana iya rufe masa ƙashin girma ya tsaya a nan har abada. Mace in ta sha murya ta buɗe, gashi ya fito a fuska, al'ada ta rikice, kuma muryar yawanci bata komawa, Jamus ta Gabas tayi wa 'yan wasanta mata haka da Oral-Turinabol shekaru da yawa tun suna yara kuma da yawansu sun ƙare da cuta.

Amma wanda yake kashewa shine wanda baka gani. Zuciya ma tsoka ce, tana kauri tana tauri, jini ya hau, kitse mai kyau na jini ya faɗi mara kyau ya tashi, jinin kanshi yayi kauri ya dinga neman daskarewa, daga nan sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ga ɗan shekara talatin. Ƙwayoyin sha sun fi cin hanta. A cikin shahararrun masu gina jiki, Andreas Münzer ɗan Ostiriya ya mutu a 1996 yana da shekara 31, Dallas McCarver a 2017 yana 26, Rich Piana wanda shi da bakinsa yake faɗin abin da yake sha ya mutu shima a 2017 yana 46 kuma an tarar zuciyarsa ta girma fiye da ƙima. A Denmak an bi maza 545 da aka kama da sitiroyid a gwajin jim, aka ga mutuwa a cikinsu ta ninka ta sa'anninsu kusan sau uku. Waɗannan fa mutane ne a ƙasashen da asibiti yake kusa, kai kuma abin da za a siyar maka baka ma san a ina aka dura shi ba, ba lambar NAFDAC, wanda zai tsira maka kuma ba ma'aikacin lafiya bane, in sirinji ɗaya ya zagaya ga ciwon hanta na B da C ga HIV, ga ƙurjin allura a ɗuwawu da sai an tsaga.

Toh me zaka ce masa? Kada ka tsaya gardamar kimiyya, sun fi ka iya baki. Kace nagode yallaɓai bana yi, ka ɗau jakarka. In koci ne da kansa yake matsa maka, canza jim, kuɗin rajistar da zaka rasa bai kai kuɗin gwajin hanta ba. Garin furotin da ƙwayoyin da ake cewa na halitta ne suma a kula, wani bincike da kwamitin Olamfik ya ɗauki nauyi a farkon shekarun 2000 ya gwada kaya 634 aka samu kusan kashi 15 cikin ɗari da sinadaran sitiroyid da ba a rubuta a jiki ba. Duk robar da tayi alkawarin kilo goma a wata ɗaya, ajiye musu.

In kuma kana wasa ne da gaske, ƙwallo ko gudu ko dambe, kana burin fita waje, dokar WADA, wato hukumar duniya mai yaƙi da amfani da haramtattun ƙwayoyi a wasanni, bata jin ban sani ba, duk abin da aka gani a fitsarinka naka ne, kuma hukuncin sitiroyid shekara huɗu ne. Ben Johnson yayi mita 100 a daƙiƙa 9.79 a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, kwana kaɗan aka ƙwace zinaren saboda stanozolol. Tamu Blessing Okagbare an cire ta ana tsaka da gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, nata sinadarin girma ne da EPO wato sinadarin ƙara jini, amma haramcin ya kai shekara 11. Nandrolone kuma yana watanni da yawa a jiki bayan ka manta kayi.

Sai maganar yadda za a gina jikin, dan nasan in ban kawo wannan ba zaka ce na hana ka ban baka komai ba. Yawancin masu cewa jikinsu yaƙi, abinci ne basa ci, shayi da biredi da safe, taliya da manja da rana, sannan ace tsoka ta fito daga ina? Kana buƙatar furotin kamar giram 1.6 a kowane kilo na nauyinka a rana, mai kilo 70 kenan wajen giram 110. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, wake busasshe giram 100 yana da sama da 20, ga awara, ga ƙuli-ƙuli, ga kindirmo, ga kifi, ga fara in lokacinta ne, nama in aljihu ya bari. Ka raba shi sau uku ko huɗu, kaci tuwonka da shinkafarka ka ƙoshi, in sikeli baya motsi bayan sati uku ka ƙara abinci. A tirenin kuma ka riƙe manyan ɗagawa, sukwat, benci, ɗaga ƙarfe daga ƙasa, jan jiki a sanda, tura ƙarfe sama, kowace tsoka sau biyu a sati, kuma ka sayi ɗan littafi ka dinga rubuta nauyi da adadi, wannan satin ka ɗaga sau takwas sati mai zuwa sau tara ko ka ƙara ɗan faranti, in shekara ta zagayo kana kan nauyi ɗaya toh ba jininka bane matsalar. Bacci awa bakwai zuwa tara, a ajiye waya. In dole sai ka sayi wani abu, creatine monohydrate giram 3 zuwa 5 a rana, ba sitiroyid bane kuma WADA bata hana shi ba, sai dai mai matsalar ƙoda ya fara tambayar likita. Sabon shiga da yake yin komai daidai zai iya samun rabin kilo zuwa kilo ɗaya na tsoka a wata a shekarar farko, daga nan ya ragu. Ka daina auna kanka da 'yan gasar gina jiki ta Mr Olympia da na Instagram, Arnold Schwarzenegger da kansa ya yarda yayi amfani da shi a zamaninsa.

Kai kuma ɗan uwa da ka riga ka fara, ba zaginka zanyi ba, so nake ka fita lafiya. Kaje asibiti, ba kemis ba, ka tafi da kwalaben da kwalayen gaba ɗaya ka zube wa likita a tebur, ka faɗi tun yaushe da nawa kake yi ba ragi, sirrinka ne kuma aikinsa ne ya riƙe. Ka nemi a auna hawan jini, a gwada hanta da ƙoda da kitsen jini da kaurin jini da testosteron, a duba zuciya, in kana neman haihuwa a gwada maniyyi. Kada ka bari wanda ya siyar maka da na farko ya siyar maka da wasu ƙwayoyin wai na wanke jiki ko na dawo da maza, wannan aikin likita ne. Mai shan dexa na tsawon lokaci shi kada ya yanke rana ɗaya, jiki na iya faɗuwa jini yayi ƙasa har a rasa rai, a hankali ake janye shi da lissafin likita. Watannin farko bayan dainawa zasu yi wuya, ƙarfi zai ragu riga ta saki, ka cigaba da tirenin da cin abinci, ka gaya wa matarka ko wani amininka halin da kake ciki dan su sa maka ido, in damuwa ta kai kana tunanin cutar da kanka ka faɗa wa likita a ranar. In kuma kaji ciwon ƙirji, numfashi yana yankewa, ƙafa ta kumbura, ido yayi rawaya ko fitsari yayi duhu, hannu ko ɓarin fuska ya mutu, ko wajen allura ya kumbura yayi zafi da zazzaɓi, kada ka jira gari ya waye, a kai ka sashen gaggawa kuma a gaya musu abin da kake sha tun daga ƙofa.